Amsar Da Muka Ba Mai Tabarau

Kafin ku yanke mini hukunci irin wanda Inna ta yanke, ku bari in ba ku labarin tun daga tushe. Duk matar da ta shigo gidanmu kwanan nan, ko aron rariya ta zo, sai Inna ta gaya mata cewa Auta ta kori miji da alƙalami. Ni ce Autar. Sunana na yanka Ruƙayyatu, kuma wallahi ban kori kowa ba. Aikina kawai na yi, aikin ya zame mini ƙarfen ƙafa.

Bara na gama makarantar horon malamai mata a Kano, na dawo gida Birnin Gwari, En'e, wato hukumar gargajiya, ta ɗauke ni koyar da 'yan aji ɗaya. Ina cikin jin daɗin ƙananan yarana sai aka tura malamin Hausa na aji bakwai kwas Zariya. Hedimasta, Malam Abarshi, ya duba hagu ya duba dama bai ga wanda zai ba ajin ba, ya ce in riƙe kafin mai shi ya dawo. 'Yan aji bakwai kuwa ba yara ba ne. Wasu sun fi ni tsawo, akwai ma wanda gashin baki ya fara fito masa. 'Yan matan ajin ba su da yawa, a bencin baya suke rakuɓewa kusa da taga.

Sai kuma Salmanu. Dole in gaya muku wane ne shi, don ba shi da babu labarin. Malamin daji ne, shi ke kula da gandun dajin da ya kewaye mu, kullum cikin kaki da hular aiki, kan kekensa mai ƙararrawa. Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya. In zai tafi rangadi yakan bar mini 'yar takarda a tagar zaurenmu, ya danne da dutse: “Malama, na wuce Damari, sai jibi in Allah ya so. Ki rage yi wa yaran mutane tsawa.” In ya dawo kuma sai ya zo da ɗinya ko tsada a ƙulle cikin hankici.

Kun san ranar da na amince da shi? Ina shekarar ƙarshe a Kano, damina ta ɗauke ke nan, aka ce ina da baƙo. Na fito na gan shi tsaye a ƙofar makaranta cikin farar riga, duk ya yi wujiga-wujiga da tafiya. Wai ya ji labarin wani malami yana aiko mini da wasiƙu, shi ne ya baro aikinsa ya shigo mota ya hau jirgin ƙasa, don ya ji daga bakina. Na yi masa dariya har da hawaye, amma tun daga ranar zuciyata ta zauna a kansa.

To a makon da abin ya fara, Baffa Labaran, ƙanen marigayi mahaifina, ya riga ya ba mutanen Salmanu Juma'ar da za su zo sa rana. Inna ta zazzago kwanukan da ta daɗe tana tara mini, ta baje su a tsakar gida tana gogewa da toka, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Atamfar da zan sa tana wurin tela, mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye. Ko tari na yi sai ta ce, “Auta, ki kula da kanki, amarya ba ta mura.”

Ran Litinin motar gidan waya ta kawo jaridar Hausa da ake bugawa a Zariya. Akwai wani mai rubutu a cikinta da ke kiran kansa Mai Tabarau, kowane fitowa sai ya sami waɗanda zai yi wa faɗa. Wannan karon mu ya waiwayo. Ya ce mutanen ƙasar Birnin Gwari da hannunsu suke cinye dajinsu. Ya ce gobarar da ta tashi bara ta wajen Tabanni jahilcin masu ɗibar zuma ne ya jawo ta, kuma hana su shiga gandu da aka yi bai isa ba, kamata ya yi a rufe shi ga kowa, har masu itace da makiyaya. Ya rufe da cewa mutanen da ba su iya riƙe ashana ba, yaya za a ba su mulkin kai?

Raina ya ɓaci, amma malamar da ke cikina ta ce ga darasi ya zo har gida. Na shiga aji da jaridar na karanta musu. Kafin in kai ƙarshe aji ya ɗauki hayaniya, ana buga benci.

Na ce, “Madalla. Tunda kuna da baki, kowa ya ɗauki alƙalami ya ba shi amsa. Wadda ta fi kyau za mu aika a buga.”

Da yamma na zauna kan tabarma ina dubawa, Inna na tankaɗe a gefe. Jama'a, na ga abin takaici! Jumare, wani Bafulatanin saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ya fi kowa surutu a ajin, ga abin da ya rubuta daga farko har ƙarshe: “Zuwa ga Mai Tabarau. Allah ya fasa tabaranka. Kai ne jahili, da kai da wanda ya saya maka takarda.” Wani ya cika shafi biyu da kirarin kakanninmu da yaƙe-yaƙen da suka ci. Wani ya ce in Mai Tabarau ya isa namiji ya zo kasuwa ran Alhamis. Babu ko ɗaya da ya taɓa maganar wuta.

Na yi tsaki. Inna ta ce, “Ke da wa kuma?”

“Ni da yaran nan, Inna.”

“Yaran da za ki bari kwanan nan? Tashi ki gwada ɗankwalin nan mu gani.”

Washegari na mayar musu da takardunsu, na ce, “Da ni ce Mai Tabarau, da na kwana ina dariya. Ya ce ku jahilai ne, kun aika masa da shaida. Jumare, tashi. Me mutumin nan ya ce?”

“Ya zage mu.”

“Ban da zagin. Me yake so a yi, kuma don me?”

Ya sosa ƙeya. Ashe zagin kawai suka ji, sauran duk ya bi iska. Na sa suka sake karantawa layi-layi, na ce kowa ya faɗi maganar mutumin da bakinsa, yadda ko shi ne zaune a nan zai gyaɗa kai ya ce, ƙwarai haka na ce.

Jumare ya ce, “Malama, yanzu mu ne za mu gyara masa maganarsa?”

“In ba ka san inda ya tsaya ba, ina za ka tura shi ya faɗi?”

Wannan kaɗai ya cinye mana darasi guda. Na gaba ya fi shi wuya, don na tambaye su ko akwai inda Mai Tabarau ya yi gaskiya. Suka haɗa baki, “Babu!”

“Daji bai ƙone bara ba?”

“Ya ƙone.”

“Masu zuma ba sa kunna wuta su kori ƙudan?”

Aka fara kallon ƙasa. Can Jumare ya ce a hankali, “Mu ma wani lokaci mukan sa, don sabuwar ciyawa ta fito wa shanu. Amma Malama, in na rubuta haka ai na ba shi sanda ya doke ni.”

“In ka ɓoye, shi zai fito da ita ya doke ka. In kai ka fara faɗa, ka karɓe ta daga hannunsa.”

Ya zauna yana gunaguni, amma na ga ya tsoma alƙalami a tawada.

Abin da ya fi cin raina shi ne “an ce”. An ce Turawa ne suka sa wutar. An ce aljanu ne. An ce wasu baƙi ne daga Kwantagora. Ran Alhamis na ɗauki alli na rubuta AN CE da manyan baƙaƙe a allo, na ja masa layi har allin ya karye.

“Daga yau ba na son ganin wannan. Wa ya ce? Wa ya gani da idonsa? A ina, yaushe? In ba ku da wannan, ba ku da komai, ihu kawai kuke yi.”

Sai na ga hannu ya ɗago daga bencin baya. Huseina ce, 'yar wajen Tabanni da ke zaune a gidan gwaggonta a cikin gari don karatu. Siririya ce, kullum mayafinta har goshi, tun da na karɓi ajin ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna.

“Malama, ni na gani.”

Na ji daɗi har cikin raina. “Tashi, Huseina. Ku saurara, ga mai hujja.”

Ta miƙe tana murza bakin mayafi. “Babana Audi mai zuma ne. Amyarsa duk a itatuwan bakin gandu yake rataye su. Masu zuma da dare suke aiki, kuma lokacin ba a fara ɗiba ba. Wutar nan da rana tsaka ta tashi, muna gona muna ɗaure dawa. Ma'aikatan daji ne suka sa ta. Kowace shekara suna sawa da damina ta ɗauke, ciyawa na da sauran danshi, sai ta ci kaɗan ta mutu. Bara ba su sa da wuri ba, sai da komai ya bushe ƙayau. Iska ta kwashe ta. Ta cinye amyar Baba duka, da dammunan dawarmu, da na maƙwabta. Daga baya aka zo aka ce masu zuma ne, aka hana su shiga.”

“Kin ga wanda ya sa?”

“Na gani.”

“Wane ne?”

Na lura ajin ya yi wani irin sanyi, har Jumare ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin tawada. Ni kuwa, wawuya, ban fahimta ba. Na nuna allo na ce, “Yanzu na gama gaya muku. Ma'aikatan daji suna da yawa. Wa kika gani?”

Ta ɗago ido ta dube ni, idon ya cika da ruwa.

“Malam Salmanu ne, Malama. Shi ya riƙe bakin wutar.”

Ban san yadda aka yi na kai ƙarshen darasin ba. Na dai tuna na ce, “To, rubuta yadda kika faɗa,” da wata murya da ba tawa ba. Abin da ya fi ƙona ni, duk ajin sun sani. Garin ma ƙila ya sani. Ni kaɗai ce ke yawo da ɗinya a hankici ina murmushi.

Bayan la'asar na ji ƙararrawar keken Salmanu. Na yafa gyale ko kwalli ban sa ba, na same shi a zaure ya cire hula yana fifita da ita.

“Malama, yau kuma waye ya taɓa ki?”

“Wa ya sa wutar Tabanni?”

Hular ta tsaya cak a hannunsa. Wallahi da ya musa, da na yarda da shi, don zuciyata neman abin riƙewa take yi. Bai musa ba. Ya zauna a dakali ya ce, “Wa ya gaya miki?”

“Yarinyar da ka ƙona wa uba amya.”

Ya kalli takalminsa. Sannan ya ce an ba shi umarni ya sa wutar da wuri, kamar kullum. Shi kuma ya yi tafiya, mota ta lalace musu a hanyar dawowa, kafin ya iso ciyawa ta bushe. Ga Baturen daji na tafe rangadi, in ya tarar ba a ƙona ba aikinsa ya tafi. Ya ce ya zaci zai iya tare ta.

“Tafiya ina?”

Ya ɗago ya dube ni. “Kin fi kowa sani, Ruƙayya.”

Kano. Farar rigar nan, da tsayuwar bakin ƙofa, da dariyar da na yi har da hawaye. Na jingina da bango.

“Kada ka kuskura ka ɗora mini,” na ce. “Ban aika a kira ka ba. Kuma wuta tsautsayi ce, na yarda. Ƙaryar fa? Wa ya ce wa Bature masu zuma ne?”

“Tambayata ya yi wa nake zato. Na ce ƙila masu zuma. Ƙila na ce! Ban san zai hana su shiga ba.”

“Da ya hana, ka koma ka gyara?”

Ya ajiye hular a dakali.

“Ruƙayya, ki saurare ni. Ku rubuta amsarku, ku ce masu zuma ba su da laifi, ni ma zan ji daɗi. Sunana kawai za ki cire. In ya fito a jarida an gama da ni. Tsohuwata da ƙannena duk a wuyana suke. Ke ma wane gida zan kai ki?”

“In na cire, me ya rage? An ce?”

“Wace an ce kuma?”

Na shige gida na bar shi. Inna na bakin murhu, ashe ta ji komai, don zaurenmu ba ya riƙe magana.

“Auta, zo nan. Wutar bara ce za ki tono yanzu, ana saura mako a sa miki rana? Dawa ta riga ta ƙone, daji ya sake tsirowa. Yarinya ƙarama ta faɗi magana, ke babba sai ki danne. Haka ake zaman duniya.”

“Inna, ubanta har yau ba ya shiga gandu. Itace yake sara wa mutane.”

“Ke kika hana shi? Tun da ubanki ya rasu nake addu'ar in ga ɗakinki. Yaro mai aikin gwamnati, mai kunya, ba ya shan komai. Ki rufa mini asiri, ki rufa wa kanki.”

Washegari Malam Abarshi ya kira ni ofis, don labari ya riga ya kai masa. Ya rufe ƙofa ya ce, “Malama, rubutun wasiƙa na ce ki koya musu, irin ta neman aiki da ta gaishe da iyaye. Wannan siyasa ce. Ba zan hana ɗiyar mutane aika wa jarida takarda ba, amma kada in ga sunan makarantata a ciki. In En'e ta tambaya, ban sani ba, ban ji ba.”

Huseina ta kawo nata rubutun bayan ta je gida ƙarshen mako. Zan gaya muku gaskiya, ban taɓa ganin ɗalibi ya yi irinsa ba. Ta fara da faɗin abin da Mai Tabarau ke so, cikin ladabi. Ta yarda cewa wuta na ɓata daji, kuma masu zuma kan yi sakaci wani lokaci. Sannan ta kawo abin da ta gani, da wurin, da lokacin, da sunan. Ta ƙare da tambayarsa: in mai tsaron daji ya yi kuskure aka hukunta mai zuma, wa ya kamata a koya wa riƙon ashana?

Na tsayar da ita bayan an tashi. Jan alƙalamina na hannuna, na ɗora bakinsa daidai kan sakin layin da sunan yake. Na ji bakina yana cewa, “Huseina, wannan wurin... ba kya ganin ya yi tsawo?”

Ta dubi takardar, ta dube ni. “In kin ce a cire, Malama, sai a cire. Gwaggo ma ta ce in cire, wai kada in ɓata miki aure.”

“Babanki fa?”

“Na karanta masa. Ya ce in sa sunansa shi ma, don in an zo tambaya a same shi. Ya ce bai taɓa sanin abin da ake koya mana a makarantar nan ba sai ranar.”

Na mayar da murfin alƙalamin. Waƙafi ɗaya kawai na gyara mata. Muka tafi gidan waya tare, ita ta liƙa kan sarki, ita ta jefa da hannunta. A hanyar dawowa na tsaya ofishin daji, na sa aka kira Salmanu, na gaya masa a tsaye, “Ta tafi, da sunanka. Ban so ka ji a bakin wani ba.”

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya juya ya koma ciki.

Ran Juma'a Inna ta ƙi yarda cewa wani abu ya canza. Tun da safe aka soya waina, aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta tilasta mini na ɗaura atamfar nan mai tsuntsaye. Baffa Labaran ya zo da babbar riga ya zauna. Aka sauko daga masallaci, aka yi la'asar, ba kowa. Can sai ga wani dattijo daga gidansu Salmanu, ko zama bai yi ba, ya ce a yi haƙuri, an ɗaga sai an ga yadda hali ya yi. Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita bai ko dube ni ba. Inna ta raba wainar gida-gida da kanta, kuma a kowane gida sai da ta ba da labarina.

Makonnin da suka biyo baya ba na so in tuna. Ba takarda a taga, ba ƙararrawa. Aka ce ma Salmanu ba ya gari. Inna ta mayar da kwanuka ƙarƙashin gado, magana tsakaninmu ta koma “ga tuwo” da “na ƙoshi”. Abin da kawai ke riƙe ni shi ne, duk ranar da jarida ta fito, gaskiya za ta fito da ita, Audi ya koma ɗibar zumarsa. Duk ranar da motar gidan waya ta shigo, 'yan ajina sai su yi ta leƙen taga.

Ranar da ta zo, Jumare ne ya shigo da ita a guje yana ɗaga ta sama. “An buga! Malama, ga sunan Huseina!”

Aji ya kaure da tafi. Na ce ta fito gaba ta karanta da kanta. Ta fara tana murmushi. Ta karanta inda ta faɗi maganar Mai Tabarau. Ta karanta inda ta yarda da shi. Sai ta tsaya. Ta juya shafin, ta dawo, ta sake dubawa.

“Malama, babu.”

Na karɓa. Sun yanke. Duk sakin layin wutar, da wurin, da lokacin, da sunan Salmanu, da na Audi, da tambayar ƙarshe, babu ko ɗaya. Abin da suka bari ya koma kamar yarinya ce ta rubuto ta ce Mai Tabarau ya yi gaskiya, a dai tausaya. A ƙasa kuma ga nasa da ƙananan baƙaƙe: wai ya yaba da ladabin wannan ɗiya, ita kanta ta amsa laifin mutanenta, sai dai ba ta kawo wata hujja ba, yana fata malamanta za su koya mata.

Malamanta za su koya mata! Jama'a, na ji kamar in yayyaga jaridar da haƙori. Jumare ya buga benci ya ce, “Kin gani ko, Malama? Sandar da na ce! Da zagin nawa muka aika, aƙalla da ya ji zafi.” Huseina ta koma bencinta ta kifa kai. Da aka tashi ta zo ta tsaya gaban teburina, idonta jajur, ta ce, “Zan sake rubutawa. In sun yanke in sake.”

Na koma gida ina jan ƙafa, sai na ga keke jingine a ƙofar zaurenmu. Salmanu na ciki a zaune, ba kaki, ba hula, wata tsohuwar riga ce a jikinsa, ya rame. Jaridar na kan gwiwarsa.

Ya ce, “Daga Zariya nake. Na ga tunda zai fito, gara Bature ya ji daga bakina. Na gaya masa komai. An dakatar da ni, sai sun zauna a kaina. Maganar masu zuma kuma ya ce ba a canza doka don magana ta baki, sai an kawo a rubuce an bincika.” Ya ɗaga jaridar ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. “A tasha na saya. Na duba sunana har sau nawa, babu.”

Na zauna a ɗaya dakalin. Tausayinsa ya taso mini, haushinsa ma ya taso, na rasa wanda zan bari ya fito. Daga cikin gida na ji motsin Inna ta matso bayan ƙofa.

“In tambaye ka, Malam. Da ka san za su yanke, da ka je?”

Na so ya ce e. Ko ƙarya ce na so ya faɗa, in samu in huta. Ya murza gefen jaridar.

“A'a,” ya ce. “Da ban je ba.”

Inna ta yi salati a bayan ƙofa. Ni kuwa na zuba masa ido. Mutumin da ya yi shiru shekara guda yana kallon Audi na saran itace, shi ne kuma yau ya ƙi yi mini ƙaryar da za ta dawo masa da ni cikin sauƙi. Ku gaya mini, yaya ake yi da irin wannan?

Ya ce, “Kawuna ya ce in kin yarda, za su dawo wurin Baffa. Ba ni da aiki yanzu, ban ɓoye miki ba.”

“Ba ni za ka fara tambaya ba,” na ce. “Huseina za ta sake rubutawa, ɗaya ga jarida, ɗaya ga Baturenku. Wannan karon ba ‘na gani’ kaɗai za ta ce ba. Wanda ya riƙe bakin wutar zai sa hannu a ƙasa, ya ce haka aka yi. Gobe bayan ƙarfe tara nake shiga ajin. Ka zo ka faɗa a gabansu, ita ta yi maka tambayoyi, su rubuta.”

“A gaban yara, Ruƙayya?”

“Sun daɗe da sani. Kai kaɗai suke jira.”

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya naɗe jaridar ya sa a aljihu, ya ja kekensa ya tafi da ƙafa, bai hau ba. Inna ta faɗo zauren tana tafa hannu, wai yaro ya dawo da kansa na sake kora shi, wai wace irin zuciya Allah ya ba ni. Na bar ta tana yi, na shiga ɗaki na cire gyale.

Da safe na riga kowa zuwa makaranta. Na ɗauko kujerar malami daga bayan teburina, na goge ta, na ajiye ta a gaban allo tana fuskantar aji. Da 'yan aji bakwai suka shigo, Jumare ya dube ta ya ce, “Malama, baƙo za mu yi?”

Na ce, “Ku dai cika tawadarku.”

Huseina ta taso daga bencin baya da takardarta, ta dawo na gaba ta zauna, daidai inda za ta iya ganin ƙofa.